Digiri Ko Bin Ubangida: Waiwaye Kan Tarihin Koyon Sana'ar Wasan Kwaikwayo a Nijeriya

1.0 Gabatarwa

A kowace shekara jami'o'in Nijeriya na yaye ɗimbin ɗalibai masu digiri a fannin wasan kwaikwayo. A daidai wannan lokaci kuma, wasu matasan da ba su taɓa zama a ajin jami'a ba na shiga sana'ar ta hanyar bin wani babba da ya riga su, suna yi masa hidima har su ƙware. Wannan ne ya sa iyaye da malamai, da su kansu matasan, ke yawan tambayar wace hanya ce ta fi kai mutum gaci. Tambayar tana da nauyi, domin amsarta ce ke yanke yadda yaro zai yi da shekaru huɗu ko biyar na ƙuruciyarsa, kuma ita ce ke nuna wa sassan jami'a abin da ya kamata su sanya a manhajarsu.

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin waɗannan hanyoyi biyu tun daga shekarar 1944. An fi mayar da hankali kan ƙasar Yarabawa saboda a can ne hanyoyin suka fara tsayuwa kafaɗa da kafaɗa, sannan daga baya a leƙa ƙasar Hausa domin kwatantawa. Abin da ake son tabbatarwa shi ne, abubuwa biyu ne suka raba hanyoyin tun asali, wato harshen da ake yin wasan da shi da kuma aljihun da ke ɗaukar nauyinsa. Haka kuma, da yawa daga cikin ayyukan da suka daɗe a zukatan jama'a an same su ne a lokutan da ɓangarorin biyu suka buɗe wa juna ƙofa.

2.0 Hanyar Ubangida

Tun kafin zuwan Turawa, Yarabawa suna da ƙungiyoyin wasa da ake kira Alarinjo, waɗanda suka samo asali daga dodannin Egungun, suna yawo gari gari suna rawa da waƙa da kwaikwayo. Gado ne ke shigar da mutum cikinsu, ko kuma a kai yaro hannun shugaban ƙungiya ya raine shi. Masanin nan Joel Adedeji na Jami'ar Ibadan shi ne ya yi fice wajen nazarin tarihinsu.

Sabon salon wannan tsohuwar al'ada ya kankama ne a hannun Hubert Ogunde (1916-1990), mutumin Ososa kusa da Ijebu-Ode. Ogunde ya taso ne tsakanin cocin mahaifinsa da gidan kakansa na wajen uwa, wanda bokan Ifa ne, don haka ya sha kiɗan ɓangarorin biyu tun yana ƙarami. Ya yi aikin koyarwa, sannan ya shiga aikin ɗan sanda. A shekarar 1944 ya gabatar da wasansa na farko a zauren Glover da ke Legas domin wata coci, kuma a 1946 ya ajiye kakinsa ya rungumi wasa a matsayin hanyar cin abinci. Bayansa aka sami Kola Ogunmola da Duro Ladipo da Oyin Adejobi da Moses Olaiya, wanda aka fi sani da Baba Sala. Zuwa farkon shekarun 1980, binciken Biodun Jeyifo ya nuna irin waɗannan ƙungiyoyi sun haura ɗari.

A nan ya kamata a lura da wani abu da ake yawan mantawa. Ogunde da Ogunmola da Ladipo duk sun yi aikin malanta kafin su koma wasa. Ke nan waɗanda suka assasa hanyar ubangida mutane ne masu karatu da rubutu, kuma shi Ogunde har Landan ya je a 1947 ya ƙaro ilimin rawa. Saboda haka kuskure ne a ɗauki wannan tarihi a matsayin karo tsakanin ilimi da jahilci.

2.1 Yadda Ake Koyo a Hannun Ubangida

Yaron da ya shiga ƙungiya yakan koma gidan shugaban da zama, ci da sha duk a can. Ba ya fara hawa dandamali nan take. Zai fara ne da loda kaya a mota da sauke su, da liƙa takardun talla a bango, da tsaron ƙofa, da ɗaura labule. Daga nan ya shiga sahun masu amshi ko makaɗa, sai a ba shi ƙaramin matsayi, kamar ɗan aike ko dogari, wanda bai wuce magana ɗaya ko biyu ba. Idan ya nuna hazaƙa a ƙara masa. Bayan wasu shekaru ubangida ya yaye shi, ya tafi ya kafa tasa ƙungiyar.

Galibin waɗannan ƙungiyoyi ba su dogara ga rubutaccen wasa ba. Shugaba ne zai zauna ya ba da labarin, ya raba matsayi, kowane ɗan wasa ya nemo kalmomin da zai faɗa, a yi ta gwaji har wasan ya zauna. Karin Barber, wadda ta zauna da ƙungiyar Oyin Adejobi har ta riƙa fitowa a wasanninsu a farkon shekarun 1980, ta bayyana yadda wasa ɗaya ke ci gaba da canzawa daga gari zuwa gari gwargwadon yadda 'yan kallo suka karɓe shi. Abin da ya sa mutane dariya a faɗaɗa shi, abin da ya sa su hamma a datse shi.

Wannan shi ne babban darasin hanyar ubangida. Ƙungiya ba ta da albashi daga kowa, kuɗin ƙofa ne abincinta da man motarta. In zaure bai cika ba, a kwana da yunwa. Saboda haka yaron da ya tashi a cikinta ya san mai kallo ciki da bai, ya san kuma lissafin kuɗi da hulɗa da masu zaure da hukuma. Ta wannan hanya Adebayo Salami ya tashi a hannun Ojo Ladipo har ya gaji ƙungiyar a 1978, kamar yadda mawaƙin nan Sunny Ade ya yi zaman koyo a ƙungiyar kiɗan Moses Olaiya kafin ya kafa tasa.

Sai dai hanyar tana da nata aibin. Babu ƙa'idar biya, babu ranar yaye da aka rubuta, komai ya danganta ga halin ubangida. Iyaye ba sa son 'ya'yansu mata su shiga yawon wasa, wanda hakan na daga cikin dalilan da suka sa shugabanni da dama, ciki har da Ogunde, suka riƙa aurar matan da ke wasa a ƙungiyoyinsu domin kada su watse. Babbar illa kuwa ita ce ilimin yana zaune ne a ƙwaƙwalwar mutum ɗaya. Ogunde ya shirya wasanni fiye da 50, amma kaɗan ne daga cikinsu aka buga a littafi, kuma bayan rasuwarsa ƙungiyar ba ta sake komawa yadda take ba.

3.0 Hanyar Jami'a

An buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, aka kuma gina mata zauren wasa a tsakiyar shekarun 1950. Malamai biyu 'yan Ingila daga sashen Ingilishi, Geoffrey Axworthy da Martin Banham, su ne suka ɗora harsashin koyar da wasan kwaikwayo a can. Da tallafin Gidauniyar Rockefeller ta Amurka aka kafa Makarantar Wasan Kwaikwayo a farkon shekarun 1960, Axworthy ya zama shugabanta na farko. Wole Soyinka ya karɓi shugabancinta a 1967, kodayake tsare shi da aka yi lokacin yaƙin basasa ya raba shi da ita har 1969. A 1970 ta zama cikakken sashe mai ba da digiri. Daga nan sauran jami'o'i suka bi sahu, irin su Ife da Kalaba da Jos da Benin da Fatakwal.

Abin da jami'a ta kawo ba ƙarami ba ne. Ta koyar da tarihin wasan kwaikwayo na duniya, da dabarun rubuta wasa, da tsara dandamali da haske da sutura, da kuma tarke. Ta samar da rubutattun wasanni waɗanda ake iya karantawa a sake gabatarwa bayan marubutansu sun shuɗe, kamar na Soyinka da J. P. Clark da Ola Rotimi da Femi Osofisan da Zulu Sofola. Ɗalibi kuma yana fita da takardar da za ta ba shi aiki a gidan rediyo ko talabijin ko majalisar raya al'adu ko makaranta, ko da bai sake hawa dandamali ba.

Amma abubuwa biyun da aka ambata a gabatarwa sun yi wa wannan hanya dabaibayi. Na farko, yawancin wasannin da Ingilishi ake yin su, don haka 'yan kallonsu ba su wuce malamai da ɗalibai da manyan ma'aikata ba. Na biyu, kuɗin wasan daga asusun jami'a ko wata gidauniya yake fitowa, ko zaure ya cika ko bai cika ba za a biya malami albashinsa, a ba ɗalibi makinsa. Ke nan ɗalibi na iya gama digiri ba tare da ya taɓa fuskantar mutumin da ya ciro kuɗi daga aljihunsa ya biya domin a burge shi ba. Su kansu jagororin fannin sun fahimci wannan giɓi. A 1961 ɗaliban Ibadan suka fara fita yawon wasa zuwa garuruwa, Soyinka ya kafa ƙungiyar Orisun a 1964 domin horar da 'yan wasa a aikace, Ola Rotimi kuma, duk da digirorinsa na Boston da Yale, ya cika ƙungiyarsa ta Ori Olokun a Ife da mutanen gari haɗe da na jami'a. Shi Soyinka ma, bayan digirinsa a Leeds, sai da ya yi zaman koyo a gidan wasa na Royal Court da ke Landan.

4.0 Inda Hanyoyin Suka Haɗu

Haɗuwa ta farko mai muhimmanci ta auku ne lokacin da Makarantar Wasan Kwaikwayo ta Ibadan ta gayyato Kola Ogunmola da ƙungiyarsa suka zauna a jami'a na wasu watanni. Sakamakon wannan zama shi ne wasan Omuti na 1963, wanda aka ciro daga littafin Amos Tutuola mai suna The Palm-Wine Drinkard. Ogunmola ya kawo Yarabanci da waƙa da gwanintar kwaikwayo, Demas Nwoko na jami'a ya kawo tsarin dandamali da sutura. Wasan ya karɓu a zauren jami'a, ya kuma karɓu a garuruwa.

A Oshogbo kuma, Duro Ladipo ya haɗa kai da Ulli Beier, malami a sashen karatun manya na Jami'ar Ibadan, suka buɗe cibiyar Mbari Mbayo a 1962. Daga nan wasan Oba Koso ya fito, wanda aka kai Barlin a 1964, aka kuma kai bikin fasaha na ƙasashe renon Ingila a 1965. Daɗin daɗawa, Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ibadan ce ta ɗauki Oba Koso da Omuti a faifai, ta rubuta su, ta fassara, ta buga a farkon shekarun 1970. Ba don haka ba, da wuya a sami cikakken mataninsu bayan rasuwar Ogunmola a 1973 da Ladipo a 1978. Shi ma tarihin Ogunde, malamar Jami'ar Legas Ebun Clark ce ta tattara shi a littafi a 1979.

Wani misalin shi ne Efunsetan Aniwura, wasan da malamin jami'a Akinwumi Isola ya rubuta da Yarabanci. Da ƙungiyar Isola Ogunsola ta ɗauke shi, sai da ya tara dubban mutane a filin wasa na Liberty da ke Ibadan a 1981. Wannan ya nuna cewa da zarar marubucin jami'a ya yi amfani da harshen jama'a, ya kuma miƙa aikinsa ga waɗanda suka san jama'a, katangar da ke tsakani takan rushe.

Haka abin ya kasance da aka koma fim. Ola Balogun, wanda ya yi karatun fim a Faransa, ya gwada finafinai da dama, amma bai sami kasuwa sosai ba sai da ya shirya Ajani Ogun a 1976 tare da Duro Ladipo da Adeyemi Afolayan. Shi ne kuma ya ba da umarnin fim ɗin Ogunde na farko, wato Aiye. Tunde Kelani kuwa ya tattara hanyoyin biyu a jikinsa. Ya fara da koyon ɗaukar hoto a hannun ubangida, ya yi aiki a gidan talabijin na Jihar Yamma, sannan ya tafi makarantar fim ta Landan. Da ya dawo ya ɗauki finafinan 'yan yawon wasa, daga baya ya riƙa aiki da rubuce-rubucen Akinwumi Isola, kamar Koseegbe da Saworoide.

5.0 Zamanin Bidiyo

Tsarin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar Naira, har sayen fim na silima da wanke shi a ƙasashen waje ya gagari kowa. Tsadar mai da kayan mota da rashin tsaro da dare suka kuma durƙusar da yawon wasa. Waɗanda suka fara neman mafita a kaset ɗin bidiyo a ƙarshen shekarun 1980 su ne 'yan ƙungiyoyin Yarabawa, domin su ne cikinsu ya dogara ga kasuwa. Wani ɗan kasuwar kayan lantarki, Kenneth Nnebue, ya fara zuba kuɗi a finafinansu, sannan a 1992 ya fito da Living in Bondage cikin harshen Ibo. Ragamar sana'ar ta koma hannun 'yan kasuwar Idumota da Anaca, waɗanda su ma yawancinsu a hannun iyayen gida suka koyi kasuwanci.

Da farko jami'o'i sun yi wa wannan sabon abu kallon raini saboda gaggawar da ake yi wajen shirya shi da raunin sauti da hoto. Duk da haka, ɗalibansu ne suka cike guraben da suka buɗe. Richard Mofe-Damijo daga Jami'ar Benin yake, Hilda Dokubo da Rita Dominic daga Jami'ar Fatakwal, inda Ola Rotimi ya koma a 1977 ya kafa tsarin horo mai yawan aikin hannu. Olu Jacobs, wanda ya taso a Kano, ganin wasan Ogunde a can ne ya cusa masa sha'awar sana'ar, sannan ya je Landan ya yi karatunta. A 1995 Hukumar Finafinai ta Nijeriya ta buɗe Cibiyar Koyar da Fim a Jos. 'Ya'yan tsofaffin iyayen gida kuma suka haɗa gado da karatu, kamar Femi Adebayo, ɗan Adebayo Salami, wanda ya karanta shari'a a Ilorin, da Kunle Afolayan, ɗan Adeyemi Afolayan.

6.0 Abin da Ya Faru a Ƙasar Hausa

Bahaushe ba baƙo ba ne ga hanyar ubangida. Makaɗi yakan tashi ne a cikin ƙungiya, ya fara da ɗaukar kayan kiɗa, ya koma ɗan amshi, kafin ya zama jagora. Musa Ɗanƙwairo a ƙungiyar mahaifinsa da ta yayansa ya tashi. Akwai kuma makaɗan haye, irin su Mamman Shata, waɗanda ba su gada ba, sai dai su ma yawo da gogayya da jama'a ne suka horar da su. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa a 1988, kamar yadda jami'o'in Ife da Legas suka ba Ogunde a tsakiyar shekarun 1980. A duka wuraren, jami'a ta amince da ilimin da ba ita ta bayar ba, amma sai bayan masu shi sun manyanta.

Wasan kwaikwayon Hausa na zamani ya girma ne a gidajen rediyo da talabijin da ƙungiyoyin sa-kai. Usman Baba Pategi, wato Samanja, tsohon soja ne, Rabilu Musa Ibro kuma tsohon gandiroba. A ɓangaren jami'a, Michael Etherton ya fara koyar da fannin a Zariya a 1975, aka gina zauren wasa na ƙasa bisa tsarin ginin Hausa, aka kuma riƙa fita ƙauyuka ana shirya wasannin wayar da kai tare da manoma cikin harshensu. Wannan ya warware matsalar harshe, amma bai taɓa matsalar aljihu ba, domin wasannin kyauta ake yin su da kuɗin jami'a ko na masu tallafi.

Saboda haka da bidiyo ya zo, ƙungiyar sa-kai ta Tumbin Giwa ce a Kano ta fito da Turmin Danya a 1990. Masana'antar da ta biyo baya ta ginu ne kan tsarin ubangida da yaransa, inda ake sanin ɗan wasa da gidan da ya fito. Masu digiri da suka shiga cikinta sau da yawa wani fannin suka karanta. Ali Nuhu, alal misali, ilimin labarin ƙasa ya karanta a Jami'ar Jos, sana'ar kuwa a fagen ɗauka ya koye ta, har aka naɗa shi shugaban Hukumar Finafinai ta Nijeriya a 2024. Abin da aka yi ƙarancinsa a nan shi ne irin haɗin gwiwar Isola da Kelani, wato malamin adabi ya zauna da mai shirya fim su gina labari tare. Sassan Hausa sun rubuta kundaye masu yawa a kan finafinai, amma nazari daga nesa daban yake da shiga cikin aikin.

7.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, an ga cewa hanyar ubangida ta koyar da sanin mai kallo da juriya da lissafin kasuwa, amma ta bar yaro a ƙarƙashin halin mutum ɗaya, ta kuma bar ilimi ba tare da ma'adana ba. Hanyar jami'a ta samar da rubutu da tarke da fasahar dandamali da takardar neman aiki, amma ta daɗe tana magana da harshen da jama'a ba sa ji, da kuɗin da ba jama'a suka biya ba. Omuti da Oba Koso da Efunsetan Aniwura da Ajani Ogun duk an same su ne a inda kowane ɓangare ya cike giɓin ɗan'uwansa.

Bisa ga haka, matashin da ya zaɓi digiri yana bukatar ya san takardarsa ba za ta ɗauke masa zaman koyo a fagen aiki ba, wanda ya zaɓi ubangida kuma ya nemi a rubuta sharuɗɗan zamansa, ya kuma nemi karatun da zai kare masa haƙƙin aikinsa. Su kuwa sassan wasan kwaikwayo da na harsunan Nijeriya, gayyatar da Ibadan ta yi wa Ogunmola ta isa abin koyi. Ya fi amfani a kawo gwani cikin aji yana da sauran ƙarfinsa, a biya shi, ya koyar, a kuma rubuta abin da ya sani, maimakon a jira ya tsufa a rataya masa rigar digirin girmamawa.